Wuƙar Ɗalhatu da Bajimin Kande

A Sabon Birni akwai wani ɗan kasuwa da ake kira Ɗalhatu ɗan Labbo. Wake da barkono yake kaiwa Maraɗi, ya dawo da dabino da sabulu da duk abin da hanya ta bari ya shigo da shi. Ba azzalumi ba ne, ban kuma taɓa jin an ce ya tauye wa wani mudu ba. Aibinsa guda ne, kuma da fari dariya muke yi masa a kai: Allah ya jarabce shi da son ƙananan wuƙaƙe masu ninkewa, irin waɗanda ake jefawa a aljihu. Ba don aiki yake tara su ba. Tara su yake don ya kalla, a kuma taya shi kallo. Ni maƙwabcinsa ne, tabarma ɗaya muke zama bayan la'asar, saboda haka na sha wannan kallo har ya gundure ni.

Abin ya samo asali ne daga mahaifinsa, ko da yake tsohon ba haka ya koya masa ba. Malam Labbo manomi ne, yana da wata 'yar wuƙa ƙirar wani maƙerin garin Isa, mariƙinta na ƙahon rago, ruwanta na shigewa cikin mariƙin idan an ninke. Bai taɓa fita bayan gari babu ita ba. Da ita yake fiƙe alƙalami, ya yanke igiya, ya cire ƙaya a ƙafa. Amma in ka tambaye shi abin da ya sa ba ya rabuwa da ita, ba waɗannan zai lissafa maka ba.

"Don dabbobin mutane nika yawo da ita," in ji shi. "Kana tahiya ka iske akuyar wani tana shure-shure. In kana da wuƙa ta zama nama, in ba ka da ita ta zama mushe."

Haka duk dattawan ƙasar nan suke, ba shi kaɗai ba. Ya yi ta wasa wuƙar nan shekara da shekaru, har ruwanta ya sirance kamar ganyen albasa.

Da Malam Labbo ya rasu, 'yarsa Kande ta zo zaman makoki. Ita ce auta, mace ɗaya bayan maza, tana aure a wani ƙauye gaba da Kurawa, gidan wani manomi mai suna Muntaka. Ana tattara kayan mamaci ta matso kusa da wanta.

"Yaya, ka ba ni wuƙab Baba," ta ce. "Can ƙauye kullum cikin igiya da dabbobi muke."

"Ke Kande, wagga ta gama aiki," in ji Ɗalhatu. "In nib ba ki, wata guda kin ƙarasa ta da yankan kuɓewa. Aje ta za ni yi, mu dinga tuna Baba."

Kande ba ta da musu. Ɗalhatu ya sami wani akwatin ƙarfe, ya shimfiɗa ƙyalle a ciki, ya shafe wuƙar da mai ya kwantar. Ita ce ta farko a akwatin.

A Maraɗi ya haɗu da wani mai shago, Abdulrauf, wanda ya riga shi kamuwa da wannan ciwo. Shi ya shigar da shi cikin masu tara irin waɗannan wuƙaƙe, mutanen da ke aika wa juna hotuna ta waya daga gari zuwa gari, shi kuma ya koya masa ƙa'idarsu. Wuƙar da ta taɓa yanka wani abu ta sauka daraja. Wadda aka taɓa wasawa kuwa ba a ma maganarta. In an kawo maka sabuwa, sai ka karkata ruwanta wajen rana ka duba ko akwai ƙarce, ko da bai fi silin gashi ba. Ɗalhatu ya riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda ya riƙe karatun allonsa.

Akwati ya yi ta cika. Akwai mai mariƙin itace da zoben ƙarfe da ake juyawa ya kulle ruwan, akwai mai mariƙin ƙashi, akwai ƙirar Buzaye mai zanen azurfa, akwai wata 'yar mitsitsiya da za ka iya ɓoyewa a ƙarƙashin hula. A shekarun nan da hirarmu ta koma wa aka tare a hanya, wane ƙauye ya tashi, wa ya kasa zuwa gonarsa, sai Ɗalhatu ya buɗe akwati ya jera mana wuƙaƙe a tabarma. Mu kuwa mun gaji, ba mu da ƙarfin hana shi. Wata rana aka kawo mana kankana, ga wuƙaƙe birjik a gabanmu, amma sai da na tashi na shiga gida na karɓo ta girki. Mun yi dariya ranar har da hawaye, shi ma ya taya mu.

Sai wadda ya sa wa suna Barewa ta shigo hannunsa. Gaskiya ko ni da ban damu ba na san ta yi kyau. In an ninke ta, tsawonta bai wuce ɗan yatsan tsakiya ba. Mariƙin baƙin ƙaho ne, an kafe shi da ƙusoshin tagulla, an goge har ba ka jin kawunansu a hannu. A jikin ruwan akwai ɗan gurbi inda farce ke shiga ya janyo shi, a bayan mariƙin kuma wani siririn ƙarfe ke kama shi ya tsaya cak, ba ya komawa sai an danna. Kusa da gindin ruwan an buga tambarin kan barewa. Abdulrauf ya ce wani tsoho ne a ƙetaren teku yake ƙera su da hannu, kuma ya mutu, ba za a ƙara yin irinsu ba. Gaskiya ne ko zancen kasuwa, Allah masani. Ɗalhatu dai ya ba da kusan rabin akwatinsa aka musanya masa da ita, kuma ita kaɗai ce ba ya bari a gida. Kullum tana aljihun gabansa, naɗe a cikin hankici.

"Saurara," in ji shi, ya buɗe ta dab da kunnena. "Ka ji? Ƙas! Wagga ko zare ba ta taɓa yankewa ba. Yadda maƙerin yab bar ta, hakanan take."

"To, mi na amfaninta?" na ce.

"Kai dai ba ka san abu ba. Kowace wuƙa tana yanka. Wadda ba ta taɓa yanka ba, ita ta abin nema."

A wannan tsakani rayuwa ta yi wa Kande da mijinta nauyi. Masu bindiga sun shiga ƙauyensu sun kore shanu kaf. Bayan 'yan kwanaki sai ga bajimi ɗaya na Muntaka ya dawo da kansa, duk ƙaya ta yayyage shi, ya tsaya a turkensa. Kande ta sa masa suna Komau. Sa ɗaya ba ya jan garma, amma maƙwabcinsu Isah shi ma ɗaya ya rage masa, sai suka haɗa: yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Da wannan haɗin gidajen biyu suke samun abin da za su ci. Kande tana kula da bajimin nan fiye da kanta. Ita ke kai shi inda ciyawa take, ita ke cire masa kaska, dusar da ya kamata ta sayar, shi take ba.

Damina ta kankama, lokacin huɗa ya zo, sai Ɗalhatu ya hau babur ya nufi ƙauyen. Ya ce gaisuwa za shi, amma duk mun san Muntaka ne kaɗai a dangi bai ga Barewa ba tukuna. Abin da ya faru can, shi da bakinsa ya gaya mini, Kande kuma ta gaya wa matata, maganarsu ba ta saɓa ba.

Bai sami kowa a gida ba, aka ce Kande na bakin gona. Ya tarar da ita tana tsinkar tafasa a ƙwarya. Ta ɗaure Komau a jikin wata aduwa da ke bakin kwazazzabo, inda ciyawa ta fi kyau, da igiyar roba a wuyansa. An sha ruwa kwanakin nan, ƙasa duk ta jiƙe. Gonakin kewaye babu kowa, don yanzu mutane ba sa yarda azahar ta same su a daji.

"Yaya, kai na da rana tsaka? Ƙaƙa hanya?"

"Lahiya lau. Ina maigidan?"

"Ya tahi Isa amso bakin garma wurin maƙeri. Gobe mu ad da huɗa."

Da bai sami wanda ya zo nuna wa ba, sai ya nuna wa wadda ya samu. Ya warware hankici, ya buɗe, ya karkata mata ruwan wajen rana, ya nuna mata tambarin.

"Ta yi kyawo," in ji Kande, ba ta ko ajiye ƙwaryarta ba. "Tab Baba hwa, tana nan?"

"Tana nan, ko tsatsa babu."

Ya naɗe ta ya mayar aljihu ke nan, suka ji ƙasa ta rufta. Komau ya matsa baki-baki yana bin ciyawa, gaɓar ta zabtare da shi. Da suka ruga, suka gan shi rataye a jikin gaɓa. Ƙafafunsa na baya na tonon bango, ba su kai ƙasa ba, igiyar ta zarge masa wuya ta miƙe gam daga jikin aduwa. Harshensa ya fito. Tsakaninsa da yashin ƙasa bai fi kamu biyu ba, da an yanke igiyar zamewa kawai zai yi ya tashi.

"Yaya, yanke igiyag ga! Yanke ta!"

Hannun Ɗalhatu ya riga ya kai aljihu. Ya ce mini a nan ne tunanin ya zo masa, sarai, ba cikin ruɗewa ba: igiyar nan jiƙaƙƙiya ce, duk yashi ya manne mata, yashi kuwa shi ne abokin gabar ruwan wuƙa. Bai ce a ransa ba zai yanke ba. Cewa ya yi bari ya gwada wata hanya tukuna. Ya zare hannunsa ya ruga gindin aduwa ya kama ƙulli. Nauyin sa ya riga ya mayar da ƙullin dutse, farcensa ya karye a banza. Ya kama igiyar ya ja, ko motsi. Ya ruga wajen babur ya buɗe ma'ajin kayan gyara, babu komai sai sifana. Ya juya wajen gonaki ya yi ta kwaɗa kira, babu wanda ya amsa.

Kande ta dira cikin kwazazzabon ta sa kafaɗa a ƙarƙashin bajimin wai ta ɗaga shi. Ina mace, ina ɗaga sa! Ta hauro ta ɗauki dutse tana dukan igiya, igiyar na tsalle. Ta sa haƙori. Da ta ga ba ta ci ba, sai ta yi kan wanta ta kai hannu aljihunsa. Ɗalhatu ya buge hannun.

"Dakata mana! Rairayi na ga igiyar, ɓata ta za shi yi!"

Da bakinsa ya faɗi haka, a gaban 'yar'uwarsa, dabba na shure-shure. Kande ta tsaya tana dubansa, laka har gira, leɓenta na jini.

"Yaya," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "Komau na hwa. Shi kaɗai yar rage muna."

Sai a lokacin ya lura shure-shuren ya ragu. Ya fizgo hankicin, ya sa farce a gurbin nan, wuƙa ta yi ƙas. Ya ɗora ta a kan igiya. Bai ma goga ba. Ja ɗaya ya yi, igiyar ta rabu biyu. Duk yabon da ya shekara yana yi wa wuƙar nan gaskiya ne, kaifinta ya wuce yadda yake faɗa. Komau ya zame ya kwanta a yashi.

Suka dira tare. Ɗalhatu ya sassauta zargen, ya kama ƙaho zai juya kan wajen alƙibla, don in ba a samu sa ba a samu nama. Su biyun 'ya'yan Malam Labbo ne, sun san abin da ake dubawa kafin a ɗora wuƙa. Ya taɓa ƙwayar idon, bai ƙifta ba. Kande ta kama wutsiya, ta sake ta, ta faɗi. Suka jira ko ƙafa za ta motsa. Babu. Bajimin da ya kuɓuce wa masu bindiga ya dawo gida da ƙafarsa ya zama mushe, ga wuƙa a buɗe a kansa.

Kande ba ta yi kururuwa ba. Zama ta yi a yashin, ta ɗora hannu a wuyan dabbar, ta daɗe haka. Can ta ɗago.

"Duba ta, Yaya. Ta ƙarce?"

Ni da nake ba ku labarin nan, wannan wurin ne har yau yake ci mini rai. Ya duba. Hannunsa ya saba, ya karkata ruwan wajen rana kafin hankalinsa ya hana shi. Babu ƙarce ko ɗaya, tana ƙyalli kamar ranar da aka ƙera ta. Ta gani a fuskarsa.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Ba a yi hasara biyu ba."

Ta tashi ta hau gaɓa, ta ɗauki ƙwaryar tafasarta ta nufi gida.

Muntaka ya dawo da yamma da sabon bakin garma a kafaɗa. Da aka gaya masa, salati ya yi, ya ce kwanan dabbar ne ya ƙare, bai ɗaga wa surukinsa murya ba. Ɗalhatu ya ce da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Isah ya jira su kwana biyu, sannan ya haɗa sansa da na wani, kuma babu mai ganin laifinsa, shi ma yana da bakunan ciyarwa. Muntaka da Kande suka shiga gona da hannu. Sun yi iyakar abin da ƙarfinsu ya kai, sauran gonar ciyawa ta cinye.

Ɗalhatu ya so ya maye musu bajimin. Jarinsa na cikin wasu kaya da suka maƙale tun da hanya ta lalace, saboda haka ya ɗauki akwati ya nufi Maraɗi, yana ganin ai dukiya ce ya tara. Abdulrauf ya kira abokansu, aka jera wuƙaƙe, aka yi ta yabo. A nan ya gane mutanen nan kallo suke so da musanya, ba saye ba. Ya fito da Barewa, kuma da yake ba maƙaryaci ba ne, ya faɗi abin da ta yi.

"Ta yanka?" in ji Abdulrauf, ya mayar masa da ita. "To, ta hita sahu."

"Duba mana, ko tabo babu."

"Kai ka san ta yanka, ni ma yanzu na sani."

Abin da suka taya akwatin gaba ɗaya bai kai a kama hanyar kasuwar shanu da shi ba. Ya dawo da kayansa. Kafin kayan kasuwancinsa su fito, lokacin huɗa ya wuce.

Daga baya ya ɗauki wuƙar Malam Labbo ya koma ƙauyen. Ya tarar da Kande ta dawo daga gona, tafin hannunta duk ya farfashe. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya ajiye wuƙar a gabanta. Ta ɗauka ta buɗe, ta gwada kaifin a babban yatsa. Zaman akwati ya dasashe ta. Ta jawo dutse ta wasa ta a gabansa, gefe da gefe, yadda ta ga ubansu na yi, sannan ta ninke ta ƙulle a bakin zanenta.

"Na gode, Yaya," ta ce. "Ka gai da mutan gida."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta yanke zumunci ba, in sun haɗu tana gaishe shi, ta durƙusa kamar da. Amma tun daga ranar, in ta shigo Sabon Birni gidan wani wan nata take sauka. Bara hatsinsu bai kai su bazara ba. Ɗalhatu ya aika da buhu, suka karɓa, suka yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Har yanzu yana zama da mu bayan la'asar. Akwatin yana ƙarƙashin gado, ba mu ƙara ganinsa ba. Kwanan baya aka kawo mana kankana, na yunƙura zan shiga gida, sai ya riƙe mini riga. Ya sa hannu a aljihu ya fito da Barewa, babu hankici, ya yanka ya rarraba mana, ya goge ta a gefen tabarma. Muka ci, babu wanda ya yi dariya.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, adana shi ma ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya bari kayansa su fi masa mutanensa, har ya manta dalilin da aka yi su. An ƙera wuƙa ne don ta yanka, kuma duk abin da Allah ya sa a hannunka akwai ranar da wani zai buƙace shi nan take, ba anjima ba. Ɗalhatu bai hana ba, jinkiri kawai ya yi, jinkirin kuma ya ci bajimi, ya ci gona, ya ci zuciyar 'yar'uwarsa. Saboda haka mai karatu, duba abin da kake tattali. In ka ga za ka tsaya tunani kafin ka fito da shi don ceton ɗan'uwanka, to ba kai ke riƙe da shi ba, shi ke riƙe da kai.